Na Tara Wa Aminina Kuɗin Jinya, Yanzu Ana Cewa Na Cinye

Assalamu alaikum. Ina da aminin da muka taso tare tun firamare, direban adaidaita sahu ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Wata huɗu da suka wuce wata motar kaya ta buge shi. Ya karye a cinya, ƙwaurinsa kuma ya karye har ƙashi ya fito. Da asibiti suka faɗi kuɗin aiki, 'yan'uwansa suka yi cirko-cirko, sai na ɗauki bidiyonsa a kan gado na saka a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai da kuma Facebook, na sa lambar asusuna saboda gaggawa. Aka tara naira miliyan 2 da dubu 400. An yi aiki, an sa masa ƙarfe, an sallame shi. Saura dubu 700 a hannuna, likita kuma ya ce akwai aiki na biyu a ƙwaurin.

Yanzu yayansa ya ce in miƙa masa ragowar kuɗin tunda shi ne babba, yana so ya kai shi wurin mai ɗori a ƙauyensu. Matarsa ta kira ni tana kuka, babu abinci a gidan, mai gida na neman kuɗin haya, mai adaidaitar ma yana neman balas. Da na ƙi ba yayan kuɗin, sai magana ta fara yawo wai na cinye, har ana cewa da su na canja waya. Gaskiya akwai kusan dubu 150 da na kashe a jinyar ba ni da rasit ɗinsu. Shi kuma aminin nawa, tun da ya ga bidiyon yana yawo ya daina sakin jiki da ni, ya ce na mai da shi mabaraci. Ko barci ba na iya yi. Ji nake kamar in tura wa yayan kuɗin in zare hannuna. Mene ne shawararku?

Wani mai karatu, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba aminin naka lafiya, ya sa kaffara ce, kai kuma ya biya ka. Ranar da mutum ke kwance ƙashinsa a waje ba ranar kafa kwamiti ba ce. Irin wannan karayar, duk sa'ar da aka ƙara ba a wanke ciwon an yi aiki ba, ƙwayoyin cuta ake ba dama su shiga ƙashin. Saurin da ka yi yana cikin abin da Allah ya sa ya zama sanadin ƙafar nan tana jikinsa har yau, kada surutun mutane ya sa ka manta da wannan. Sai dai tsarin da ya yi daidai a daren farko, wato kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya ba shaida ba rubutu, bai dace da wata na huɗu ba. Nan ne ɓarakar take, kuma tana gyaruwa.

Kada ka tura wa yayan kuɗin nan. Na san abin da ke jan ka: ka gaji, kana so ka wayi gari ba wanda ke kiran sunanka. Amma waɗanda suka turo dubu biyu-biyu da dubu goma-goma kai suka sani, kuma ƙafar da ka nuna musu suka ba kuɗinsu. Idan ka miƙa su ga wanda ya riga ya faɗa maka ba asibiti zai kai su ba, amanar tana nan a wuyanka ko da asusunka ya koma fanko. Surutun ma ba zai mutu ba, salo kawai zai sauya, a ce ka ci rabonka ka watsa musu saura.

Da na karanta wasiƙarka na ji abin da yaya ke so, na ji na matar, na ji na mai gida da na mai adaidaita. Ban ji abin da mai ƙafar yake so a yi da kuɗin ba. Mutumin nan magidanci ne, da hankalinsa, ƙafa ya karya ba kai ba. Wata huɗu ke nan ana shawara a kansa yana kwance yana ji, kuma ina kyautata zaton rabin fushin da yake yi da kai daga nan ya fito. Saboda haka shi za ka fara zuwa wurinsa, kafin yaya, kafin guruf. Ka je kai kaɗai, lokacin da babu 'yan dubiya, kada ka fara da lissafi. Ka fara da bidiyon.

Ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Mutumin da kullum yake fita da asuba ya dawo da cefane, yau surukansa da fasinjojinsa da yaran unguwa sun gan shi ba riga, yana nishi, an rubuta lambar asusu a ƙasan fuskarsa. Ko da hakan ne ya ceci ƙafarsa, zafin da yake ji na gaske ne. Ka ce masa, "Wallahi ruɗewa na yi, ban nemi izininka ba, ka yafe mini." Ka tsaya a nan. Harshenka zai so ya ƙara da cewa ai da ba don bidiyon ba da tuni an yanke ƙafar. Ka haɗiye wannan maganar, domin gori ce, kuma aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Sannan a gabansa ka goge bidiyon daga shafinka, ka roƙi 'yan guruf su goge nasu. Akwai wani dalilin ma bayan mutuncinsa: 'yan damfara kan kwafi irin wannan bidiyon su sauya lambar asusu su ci gaba da bara da fuskar bawan Allah bai sani ba. Idan ya sauko, sai ka faɗa masa abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, ka tambaye shi yadda yake gani. Idan bai sauko a ranar ba, ka bar shi, ka dawo jibi.

Sai lissafi. Ka je banki ko ka shiga manhajar wayarka ka fitar da takardar shige da ficen kuɗin asusunka tun daga ranar da alat na farko ya shigo har yau. Ka sami biro mai launi ka ware kuɗin gidauniya daga naka na kanka, layi bayan layi. Ka sayi littafi sabo, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, ka maƙala kowane rasit da ranarsa. Dubu 150 ɗin nan da ke hana ka barci za ka tarar yawancinsu sun bar sawu. Kuɗin da ka tura wa kantin magani ko ka cira a wurin mai POS na bakin asibiti suna cikin takardar bankin da ranarsu da lokacinsu. Saƙonnin WhatsApp da ake turo maka cikin dare a ce a sayo allura kaza ko ledar ruwa suna nan a wayarka. Matarsa da wanda ya kwana jinya za su tuna ranar da aka sayi abinci da ranar da aka ɗauki shatar mota. Abin da ya rage bayan wannan, ka rubuta shi da sunansa: naira kaza, an kashe a jinya, babu rasit. Kada ka nemo rasit na bogi don lissafi ya cika, wannan shi ne zai mai da zargi gaskiya. Idan akwai wani ɗan abu da kai kanka ka kasa tuna inda ya shiga, ka cika shi daga aljihunka in kana da hali, in ba ka da shi ka faɗa a fili ka nemi yafiya.

Wannan littafin ba a Facebook za ka fara buɗe shi ba. A yi zama a ɗakin majinyacin, da shi, da matarsa ko wakilinta, da yayan, da limamin unguwa ko mai unguwa, da mutum ɗaya daga guruf ɗinku wanda kowa ya yarda da shi. A karanta, a duba, kowa ya sa hannu. Bayan nan sai wancan ɗan guruf ɗin, ba kai ba, ya sanar da jama'a a taƙaice cewa an duba lissafi, ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga saura. Maganar waya kuwa, in da rasit ka nuna wa dattawan sau ɗaya a wurin zaman, shi ke nan. Kada ka bi kowane mai habaici kana rantse-rantse.

A zaman nan ne kuɗin za su bar hannunka. Idan likita ya riga ya sa ranar aiki na biyu, abin da na fi so shi ne ku karɓo ƙiyasin kuɗin a rubuce, ku biya kai tsaye a asusun asibitin da sunan majinyacin da lambar katinsa, ku tambayi yadda ake mayar da kuɗi idan aka ɗage aikin ko aka samu rara. Idan ba a sa rana ba, a buɗe asusun da ba a cirar kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ko a zuba su a asusun shi majinyacin bisa rubutacciyar yarjejeniyar cewa na aiki ne. Wannan na ƙarshen yana da haɗari guda: mutumin da 'ya'yansa ke kuka da yunwa zai yi wuya ya kalli dubu 700 a wayarsa bai taɓa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ku faɗa masa haka a fili, ku bar shi ya zaɓa.

Yayan nan kuma, ban so ka ɗauke shi maƙiyi. Mai yiwuwa yana da kwaɗayi, ban san shi ba. Amma ka duba yadda abin yake a idonsa: ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya ke kwance, wani bare ne ke riƙe da kuɗin, dangi suna tambayarsa halin da ake ciki ba shi da amsa. A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka je har gidansa tare da wani dattijo, ka gaishe shi da girmamawa, ka ce, "Yaya, ai ni ɗan aike ne, tun farko ya kamata in riƙa sanar da kai komai." Ka ba shi gurbi, ya zama ɗaya daga masu sa hannu, ya zama shi ke raka ƙaninsa ganin likita.

Inda ba za ka sassauta ba shi ne maganar ɗori. Mutanenmu sun daɗe da masu ɗori kuma suna da dalilin yarda da su, amma ƙafar da aka sa wa ƙarfe, wadda ƙashinta ya taɓa fitowa waje, ba ta murza da ɗauri ba ce. Jan ta da matsa ta na iya gusar da ƙarfen ko ya tayar da ciwon da bai gama rufewa ba. Ɗaurin da ya yi tsauri yana tare jini, yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, daga nan sai yanka. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa kan ƙafafu da hannayen da ake kawo musu a wannan halin bayan lokaci ya ƙure. Kai ba za ka iya gamsar da yaya da baki ba, don haka ku kai shi asibitin ranar da ƙaninsa zai ga likita, a ɗaga masa hoton ƙashin ya gani da idonsa, ya yi duk tambayar da ke ransa: me ya sa sai an sake aiki, me zai faru in ba a yi ba, nawa ne, wata nawa kafin ya taka. Idan har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku ɗauki hotunan ku ji ta bakin wani likitan ƙashin daban. A Kano kuke, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga na Malam Aminu Kano. Hukuncin ƙarshe na mai ƙafar ne.

Matar kuwa ba za ta jira a gama duk wannan ba. Yau ɗin nan ka kira mutum huɗu ko biyar cikin abokanku, wannan ya kawo kwanon shinkafa, wancan wake da manja, wani gawayi, a kai mata hannu da hannu ta hanyar matarka ko wata 'yar'uwa. Game da ko a taɓa ragowar kuɗin, ka koma ka karanta ainihin abin da ka rubuta ranar da ka nemi taimako. Idan ka ce kuɗin aiki, to na aiki ne. A ganina abincin shi majinyacin yana cikin jinya, domin ƙashi ba ya haɗewa da kunu da gaya, yana son ƙwai da wake da kifi da madara ko awara. Amma haya da balas wani abu ne daban, ba don su aka bayar ba. Hanya mafi tsabta ita ce a koma ga masu kuɗin a ce musu, "Saura kaza, aiki na biyu zai ci kaza, iyalinsa na cikin matsi, muna neman izinin ware kaza don abinci." A ba su 'yan kwanaki, wanda bai yarda ba a bar kasonsa a kan aiki. Waɗanda suka turo ba ku san su ba, ku tambayi malamin da kuka amince da iliminsa. Mai gida kuma dattijo ya same shi a nemi ɗagin ƙafa na wata uku ko huɗu. Mai adaidaita a zauna da shi a duba yarjejeniyar da ke tsakaninsu, in mashin ɗin zai tashi a samo wani direban ya riƙa ja yana biyan balas kafin majinyacin ya miƙe.

Akwai wanda wasiƙarka ta ambata sau ɗaya ta wuce, wato motar da ta buge shi. Ina direban, ina mai motar? Doka ta wajabta wa duk motar da ke hawa titi a Najeriya inshorar da ke biyan wanda ta ji wa rauni. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin wannan inshorar naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, na motocin kaya ya fi haka, kuma amfaninta ke nan a rana irin wannan. Takardun bogi sun yi yawa, amma ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a ga ko tata ta gaske ce. Za ku buƙaci rahoton 'yan sanda da rahoton likita da duk rasit ɗin da kake tattarawa. In babu kuɗin lauya, hukumar gwamnati mai ba da tallafin shari'a, Legal Aid Council, na taimaka wa marasa ƙarfi a ƙarar diyyar haɗari. Abin da aka saba gani shi ne mai mota ya zo da dattawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ƙaddara ce a yafe. Ƙaddara ce, haka ne, kuma yafiya haƙƙin majinyacin ce in ya ga dama. Amma kada kunya ta sa ya sa hannu a takardar sulhu kafin a san abin da sauran jinyar zai ci.

Ku ƙwanƙwasa wasu ƙofofin ma. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen kula da walwalar marasa lafiya, inda ake duba halin wanda ya kasa biya. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Akwai attajiran unguwa da ke fitar da zakka, kuma mutumin da sana'arsa ta tsaya bashi ya hau kansa yana cikin waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Duk wannan ba ya buƙatar bidiyo. Takardar likita mai hatimi da ƙiyasin kuɗi, a hannun liman ko wani mai mutunci, ta wadatar, kuma da izinin majinyacin za a kai ta.

Ka sani kuma aikin tiyata shi ne ɓangaren da jama'a ke gani, sauran tafiyar ta fi tsawo. Ƙashin cinya kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe, ƙwaurin da ya fashe waje yakan fi haka, wani lokaci har shekara. Bayan haka ga gashi da motsa jiki wurin likitan fisiyo, wanda in aka yi wasa da shi gwiwa ta sandare ko da ƙashin ya warke. Ba za ka sake tara miliyan biyu ba, tausayin intanet ya riga ya koma kan wani. Abin da zai riƙe gidan nan shi ne kaɗan mai ɗorewa. Mutum 20 su yi alkawarin dubu 5 kowane wata na tsawon wata shida, dubu 100 ke nan a wata, kuma kowa ya san ranar da alkawarinsa zai ƙare. Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa. Abokan sana'arsa su yi karɓa-karɓa wajen kai shi asibiti, wani ya riƙa sauke yaran a makaranta, masu lafiya biyu ko uku su shirya ba da jini ranar aiki na biyu.

In ka je gidan ka leƙa banɗaki. Yawancin gidajen haya masai na tsuguno ne, mai ƙarfe a ƙafa kuma ba ya tsuguno. Kafinta ya huda kujerar katako a ɗora a kai, ko a sayi kujerar bahaya. Ka duba ko katifarsa a ƙasa take, domin tashi daga ƙasa da sanduna azaba ce, gado ko benci biyu da katako za su sauƙaƙa masa. Ka faɗa wa matarsa alamomin da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ruwa ko wari daga ciwon, kumburin sha-raɓa mai zafi, ko numfashi ya riƙa yi masa wuya farat ɗaya. In yana shan sigari ya bari, tana jinkirta haɗewar ƙashi. Maganin kashe zafi kuma, musamman tramadol, kada ya wuce abin da likita ya rubuta, kada 'yan dubiya su riƙa kawo masa nasu.

'Yan dubiya sun ragu yanzu, na tabbata, kuma wannan ne lokacin da kaɗaici ke cin majinyaci. Ku mai da majalisarku ƙofar gidansa ko sau biyu a mako, a yi hirar ƙwallo da siyasa, ba hirar ƙafa ba. Littafin gudummawar wata-wata ma a ba shi ya riƙe da kansa, shi zai rubuta wanda ya kawo da abin da aka saya. In ya fara zama da kyau, a yi tunanin sana'ar da ake yi a zaune, cajin waya ko POS ko sayar da kati, a tambaye shi wadda yake so. Idan kuka ga ya daina cin abinci, ya daina magana, ko yana cewa gara ma ya mutu, ku sanar da likitansa, kada ku ce zai wuce.

Kai kuma kana da damar hutawa, amma bayan ka miƙa amanar a gaban shaidu, ba kafin nan ba. Ka sa wa kanka mako biyu. Wasu daga cikin masu zarginka ba za su taɓa zuwa su ba ka haƙuri ba, kada ka zauna jiransu. Amininka ma wataƙila ya ɗauki lokaci kafin ya koma yi maka dariya irin ta da, ka ci gaba da zuwa ko gaisuwa kawai za ku yi. Gobe ka fitar da takardar banki, kafin Juma'a ka je ka same shi. Idan yaya ya ƙi halartar zaman, ku yi shi duk da haka, a ba liman kwafin lissafin ya kai masa har gida.